Ko Maganin Itatuwa Zai Iya Maye Gurbin Na Asibiti Ga Mai Amosanin Gaɓoɓi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekarata 39. Wata takwas ke nan da likita ya tabbatar mini ina da amosanin gaɓoɓi irin wanda suke kira rumatoyid, ya ɗora ni a kan metotireksat. Daga baya na ji an ce maganin ciwon daji ne, hankalina ya tashi, ga shi kuma yana sa ni tashin zuciya. Mutane suna ta ba ni shawarar kurkum da habbatus sauda da sassaƙen hano, sannan maƙwabciyata tana shan wani haɗin gari da ta ce cikin kwana biyu ya ɗauke mata ciwo. Don Allah akwai sinadarin itace da aka tabbatar yana maganin wannan cuta, har in ajiye na asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma na daɗe ina bibiyar abin da ake tacewa daga itatuwa, don haka ba za ki ji na raina saiwa ko sassaƙe ba. Amma tun farko bari in faɗa miki gaskiya: kada ki ajiye metotireksat ɗin nan. Akwai sinadaran tsirrai da aka gwada a kan masu irin ciwonki, aka ga suna rage zogi da kumburi. Sai dai a cikin waɗanda ake samu a kasuwanninmu babu wanda aka nuna yana hana gaɓa lalacewa. Wanda ya fi kusa da yin haka wani tsiro ne na ƙasar Sin, shi kuma illarsa ba ta gaza ta maganin asibiti ba.

Masu ba ki shawara da yawa ba ciwonku ɗaya da su ba, ko da yake a bakinmu duka sanyin ƙashi ne. Tsohuwar da gwiwarta ke ƙara idan za ta tashi daga tabarma, guringuntsinta ne ya cinye saboda shekaru da nauyin jiki. Magidancin da babban yatsan ƙafarsa ke kumbura dare ɗaya, gishirin yurik asid ne ya taru masa a gaɓa. Naki daban ne. Garkuwar jikinki ce ta juya tana yaƙar wata siririyar fata da ta shimfiɗu a cikin gaɓa, wadda aikinta shi ne samar da ruwan da ke sa ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa ba tare da gogayya ba. Fatar nan sai ta kumbura ta yi kauri, ta riƙa fitar da wasu sinadaran kiran yaƙi, waɗanda suka fi shahara su ne TNF da IL-6, su kuma su tayar da ƙwayoyin da ke cin guringuntsi da gefen ƙashi. Shi ya sa ciwon ke kama hannun dama da na hagu tare, ya fi son 'yan yatsu da wuyan hannu da tafin ƙafa. Kin san yadda asuba take: yatsu sun sandare, riƙe buta ya zama aiki, ɗaurin ɗankwali sai an taya ki, sai rana ta ɗaga sannan hannu ya saki har ki iya riƙe alli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan cuta, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, jin zafi daban, cin ƙashi daban. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, har ki shafa masa fenti, amma ciki ana ta ci. Ana iya kwantar da zogi gaba ɗaya alhali ƙashi na ci gaba da zaizayewa. A wurin yawancin waɗanda ba su samu magani mai hana cutar ci gaba ba, hoton ƙashi yakan fara nuna zaizaya a cikin shekara biyun farko, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Ke yanzu kina wata na takwas, wato kina cikin lokacin da ya fi kowane tsada. Saboda haka duk ganyen da aka kawo miki, tambayoyi biyu za ki yi masa: yana rage ciwo? Yana kuma tsayar da ɓarnar? Da yawa suna amsa ta farko, su yi shiru a ta biyu.

Kada ki ɗauka akwai katanga tsakanin itace da kantin magani. Asfirin ya samo asali ne daga salisin da ke cikin ɓawon wani itace na bakin ruwa a Turai, kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi a 1899. Haidiroksikulorokwin, wanda watakila likitanki zai haɗa miki nan gaba, jikan kwinin ne, shi kuma kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka wasu Faransawa biyu suka tace shi a 1820. Ko kotizon, maganin nan mai kwantar da kumburi, bayan an gano amfaninsa, daga sinadarin wata doyar daji ta ƙasar Meziko aka riƙa harhaɗa shi don ya wadata. Abin da ya raba su da tafasasshen ganye shi ne an ware sinadarin, an san awonsa, an kuma gwada shi a kan dubban mutane har an san wanda yake kashewa da wanda yake taimako.

Tsiron da ya fi kowane hujja a kan rumatoyid shi ne Tripterygium wilfordii, wanda 'yan Sin ke kira lei gong teng. Yana yaɗo ne a kudancin ƙasar, kuma daga cikin saiwarsa, bayan an fere ɓawon mai guba, ake samun sinadaran tiriftolaid da selastirol. Waɗannan ba rage zogi kawai suke yi ba, suna danne garkuwar jiki sosai, suna toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke bi su ƙera TNF da 'yan'uwansa. A 2009 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 121, aka raba su biyu: wasu tatacciyar saiwar, wasu salfasalazin na asibiti, tsawon mako 24. Kashi 65 cikin ɗari na masu shan saiwar sun samu sauƙin da ake iya aunawa, na ɗaya ɓangaren kusan kashi 33, sai dai kusan rabin mutanen ba su kai ƙarshen gwajin ba. A 2014 likitocin birnin Beijin suka fitar da nasu a kan mutum 207. Waɗanda alamomin ciwonsu suka ragu da rabi sun kai kusan kashi 46 a masu shan metotireksat kaɗai, kashi 55 a masu shan saiwar kaɗai, kashi 77 a waɗanda aka haɗa wa biyun. Ki lura da wannan na ƙarshe, domin shi ne darasin: ko tsiron da ya fi ƙarfi, ya fi amfani a gefen metotireksat, ba a gurbinsa ba. Kuma gwajin na Beijin yana da rauni: kowa ya san abin da yake sha, awon metotireksat ɗin ma ƙarami ne, miligiram 12.5 a mako.

To ga farashin. Wannan saiwa tana ɗauke wa mata al'ada, tana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyin maza, tana kawo gudawa da zubewar gashi, tana iya taɓa hanta da ƙoda da ɓargo, kuma idan aka daɗe ana sha ƙashin mace kan yi rauni. Ganyenta da furenta da ɓawon saiwar guba ne mai kisa. A Sin ƙwaya ce da likita ke rubutawa yana duba jini, ba abin da ake tafasawa a gida ba. Mace mai shekara 39, wadda watakila ba ta rufe haihuwa ba, ba zan so ta saye shi ta intanet ba ko da an kawo mata har ƙofar gida.

Sai kurkum, wanda wasu ke kira gangamau. Sinadarin da ke ba shi launin nan na ɗorawa shi ne kurkumin, kuma a ɗakin gwaji yana kwantar da hanyoyin kumburi da dama. Gwajin da aka fi ambata an yi shi ne a Indiya, aka wallafa a 2012: mutum 45, kashi uku, mako takwas. Wasu kurkumin miligiram 500 sau biyu a rana, wasu diklofenak, wasu duka biyun, kuma masu kurkumin ba su gaza ba wajen raguwar zogi da kumburi. Labari ne mai daɗi, amma ki duba da me aka gwada shi. Diklofenak maganin zogi ne, shi kansa ba ya hana ƙashi cinyewa. Mutum 15 a kowane kashi kuma ba su isa a gina hukunci a kansu ba, mako takwas bai isa a ga abin da ke faruwa da ƙashi ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya su ma ƙanana ne, gajeru.

Akwai kuma lissafin da masu talla ba sa yi miki. Kurkumin da ke cikin garin kurkum bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba. Cokalin shayi guda na garin zai ba ki abin da ke kusa da miligiram 100, wato sai kin sha kusan cokali goma kullum kafin ki kai awon wancan gwaji. Bayan haka hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na saurin fitar da shi. Don a magance wannan ne kamfanoni ke haɗa shi da fiferin, sinadarin yajin da ke cikin masoro da baƙin barkonon Indiya, tun da wani bincike na 1998 ya nuna miligiram 20 na fiferin ya ninka kurkumin da ke shiga jini sau ashirin. A nan matsala ta ɓullo. A 2019 hukumomin Italiya sun samu fiye da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkum, likitocin Amurka ma sun ba da rahoton irin haka, kuma a cikin kayan da aka bincika an tarar da masu fiferin. Ke kuma kina shan maganin da dama hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Idan gwajin jininki ya nuna hanta ta motsa, likita ba zai san wanne ne mai laifi ba, kuma mai yiwuwa metotireksat ɗin za a tsayar, ki yi asarar abin da ke tsare miki gaɓoɓi saboda abin da ke rage zogi kawai. Kurkum a miya, a shinkafa, a kunu, ki ci abinki. Idan da hali ki sayi saiwar ki daka da kanki, domin a Bangaladash an kama ana zuba wa kurkum sinadarin dalma don launinsa ya yi kyau. Kafso mai ƙarfi kuwa sai da sanin likita, kuma mai tsakuwar matsarmama ko mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya bar shi.

Habbatus sauda tana da matsayi a zukatanmu saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, kuma ba ni ne zan yi jayayya da wannan ba. Sinadarin da masu bincike suka fi dubawa a cikin manta shi ne timokwinon. A 2012 an wallafa wani gwaji daga Masar a kan mata 40 masu rumatoyid: wata guda suna shan kafson da ba komai a ciki, wata guda kuma kafson man habbatus sauda miligiram 500 sau biyu a rana. Kumburin gaɓoɓi da sandarewar asuba sun ragu a wata na biyu. Matan nan duk suna kan maganinsu na asibiti ne aka ƙara musu man, su masu binciken ma a matsayin ƙari suka ba da shawararsa. Wanda ya faɗi falalar habbatus sauda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, ya umarce mu da neman magani. Babu inda aka ce idan kin sha wannan ki bar wancan. Awon da aka gwada kaɗan ne, giram guda a yini, bai kai rabin cokalin shayi ba, ba rabin kofi da wasu ke kwankwaɗa ba.

Hano, ko ararrabi, namu ne na gida. Duk wanda ya taso kusa da duwatsu a ƙasar Hausa ya san shi da ɓawon nan mai saɓulewa kamar takarda da ƙaro mai ƙamshi. Sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, an sa masa ne don tunawa da Dalziel, wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewacin Najeriya yana tattara sunayen itatuwa da Hausa. Danginsa ne ke ba da lubban da ake kawowa daga Sudan da Somaliya da Oman, kuma ɗan'uwansa na Indiya, Boswellia serrata, shi aka fi yi wa bincike. A cikin ƙaron akwai sinadaran da ake kira boswelik asid, waɗanda ke toshe wata hanya ta kumburi daban da wadda su diklofenak ke toshewa. A ciwon gwiwa na cinyewar guringuntsi an samu gwaje-gwajen da suka nuna yana rage zogi. A rumatoyid kuwa, wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a Jamus a 1998 bai ga bambanci tsakaninsa da ƙwayar da ba komai a ciki ba. Sannan duk wannan a kan ƙaron na Indiya ne da aka tace aka auna. Mu sassaƙe muke tafasawa, kuma binciken da aka yi wa hanonmu mafi yawa a ɗakin gwaji ne da jikin ɓeraye. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Kakanninmu ba a banza suka riƙe itacen nan ba, ga jami'o'i a Zariya da Kano da Sakkwato cike da masana, ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja wadda ta taɓa fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirranmu. Abin da ya rage shi ne kuɗi da haƙurin kai hano gaban marasa lafiya a gwada shi yadda ya kamata, kafin a gama sassaƙe itatuwan su bushe a tsaye.

Citta ba ta da wata rigima. A Iran an ba masu rumatoyid garinta giram ɗaya da rabi kullum na mako 12, aka ga ma'aunin ciwon ya sauka kaɗan. Wannan bai kai cokalin shayi guda ba, shayin citta na safe ya kusa biya miki, kuma tana taimakawa da tashin zuciyar da kike kuka da shi. Man shafawa mai kafsaisin, sinadarin zafin barkono, yana dusashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo idan an yi mako biyu zuwa huɗu ana shafawa. Ki nemi mai ƙarfin kashi 0.025, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido, kada kuma ki kwaɓa barkono da kanki. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, a 2011 ya ga cewa man wasu 'ya'yan tsirrai na Turai da Amurka masu sinadarin GLA yana rage zogi gwargwado, amma sai an sha da yawa na watanni, ga tsada. Man kaɗanya da ruwan ɗumi da safe suna sassauta yatsu, ba su da illa. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci a matsayin abinci.

Biyu zan ja miki kunne a kansu. Uwar magunguna, wato sanya: idan kika kankare saiwarta kika shinshina, ƙamshin man zafi na kanti za ki ji sak, domin sinadarin ɗaya ne, metil salisilet, ɗan gidan su asfirin. Wannan ne ya sa take kwantar da ciwo, kuma wannan ne ya sa take da haɗari. Babu mai iya gaya miki nawa ne a cikin kofi guda na jiƙonta, saiwar na da guba har an samu waɗanda ta kashe, kuma dangin asfirin suna rage saurin da ƙoda ke fitar da metotireksat daga jiki. Ta biyu tumfafiya, wadda wasu ke ɗiga ruwanta a kan gaɓa mai kumburi. Farin ruwan nan yana ƙona fata, yana lalata ido, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya. Haka nan tsaga ko ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura, ga wadda ke shan maganin da ke sassauta garkuwa, ƙofa ce ta shigar ƙwayoyin cuta.

Yanzu garin maƙwabciyarki, wanda shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Duk tsirran da na lissafa, har da na Sin mai ƙarfin nan, makonni suke ɗauka kafin a ga aikinsu. Abin da ke tayar da mai rumatoyid cikin kwana biyu sananne ne. A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Philip Hench ya sa aka yi wa wata mata mai shekara 29 da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da cutar, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba illolin suka bayyana. Jikokin kotizon su ne firednisolon da deksametazon, irin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba ana ce musu sha-ka-fashe. Suna da arha, kuma idan an daka su a cikin garin ganye mai ɗaci babu mai ganewa. Ba zargi nake yi a kan iska ba: hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gano deksametazon da diklofenak a ɓoye cikin Reumofan Plus a 2012, ta sake gano su cikin Artri King a 2022, dukansu ana tallarsu a matsayin maganin gaɓoɓi da ba na asibiti ba.

Ki dubi maƙwabciyar taki da idon basira. Fuskarta ta yi zagaye, kumatu sun cika alhali hannu da ƙafa sun sirance? Wuya ya yi tozo ta baya? Nankarwa mai ja ta fito mata a ciki ko cinya ba tare da juna biyu ba? Tana yawan cin abinci, yawan fitsari da dare, fata na saurin ɓarkewa, kuma ranar da garin ya ƙare sai ciwo ya dawo ya fi na da? Idan haka ne, ki ja ta gefe cikin mutunci ki ce ta je a auna mata suga da hawan jini, ta tafi da garin a hannunta. Amma ki gargaɗe ta kada ta daina dare ɗaya. Jikin da ya saba da sitiroyid, wato dangin kotizon, daga waje yakan daina ƙera nasa, kuma yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Likitoci ma suna ba da firednisolon a rumatoyid, amma da awo sananne, na ɗan lokaci, kafin babban maganin ya kama. Ko lambar NAFDAC da kike gani a jikin kwalbar maganin gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce ta cewa an duba lafiyar shansa, ba ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake buga wa a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Garin da aka ƙulla a leda ko wannan bai samu ba.

Batun cewa metotireksat maganin daji ne, gaskiya ne da shi aka fara, amma awon ba ɗaya ba ne ko kusa. Masu ciwon daji akan ba su ɗaruruwa har dubban miligiram ta jijiya. Ke tsakanin 7.5 zuwa 25 ne, sau ɗaya a mako, kuma a wannan awo aikinsa kwantar da garkuwa ne. Tun 1988 aka amince da shi don rumatoyid a Amurka, har yau shi ne ginshiƙin magani a duk duniya saboda an gani a hoton ƙashi yana rage zaizaya. Cutar da aka bari tana ci kuma ba gaɓa kaɗai take taɓawa ba, tana ƙara haɗarin ciwon zuciya, tana iya shiga huhu. Tashin zuciyar yana da mafita: folik asid a ranar da ba kya shan maganin, shan sa da dare bayan abinci, ko a mayar miki da shi allurar ƙarƙashin fata. Idan duk bai yi ba akwai salfasalazin da leflunomaid da sauransu. Ki faɗa wa likita, kada ki yi shiru ki daina. Ki zaɓi rana guda a mako ki rubuta a jikin kwalin, domin shan sa kullum bisa kuskure yana kisa. Kada ki yarda a ba ki Septrin a kemis kina kansa. Ki tabbata an yi miki gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan manya 8 cikin 100 a Najeriya na ɗauke da shi. Idan kuma kina da niyyar ɗaukar ciki, ku zauna da maigida da likita tun kafin lokacin, domin maganin na illata ɗan tayi, sai an tsayar da shi an canza miki wanda ya dace da mai ciki.

Idan kina son ƙara wani abu daga tsirrai, man habbatus sauda ɗan kaɗan ko citta su na fi natsuwa da su. Ki kai kwalbar wurin likita ko mai harhaɗa magani ya gani. Ki fara da abu ɗaya tak, bayan an auna hanta da ƙoda da yawan ƙwayoyin jini, a sake aunawa bayan wata guda ko makamancin haka. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta minti nawa yatsunki ke ɗauka kafin su saki da safe, da gaɓa nawa suka kumbura a mako. Bayan wata uku ki duba: in babu canji, ki huta da kashe kuɗin. Littafin nan zai yi miki wani amfanin ma, domin idan bayan wata takwas a kan metotireksat har yanzu kina sa'a guda a sandare kowace asuba, to awon ne bai isa ba ko ana bukatar a haɗa miki na biyu, kuma wannan magana ce ta likitan gaɓoɓi, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri. Ranar da kuwa kika ga idonki ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ƙuraje sun fito a baki, ko zazzaɓi ko busasshen tari da sarƙewar numfashi, ki tsayar da na gargajiyar da metotireksat ɗin gaba ɗaya, ki tafi asibiti a ranar, da duk abin da kike sha a cikin jaka.